Ranar da Na Ɗaure wa Rabi Ciki

Mu biyar ne a gidan ranar, in an haɗa da jaririya. Akwai babanku Malam, Allah ya jiƙansa, yana zaure. Akwai ƙanwarsa, Gwaggo Lami, wadda muka baro ƙauye tare da ita daga wajen Kakangi shekarar da mutanen daji suka hana mu noma, ita ma Allah ya kai haske kabarinta. Akwai Rabi, autata, mai jego, kwananta goma sha tara da haihuwa. Akwai jaririyar, Ummi, wadda kuke gani yanzu tana tafiya makaranta da jaka fiye da ƙarfinta. Sai ni. Da la'asar ta shida ta shigo, Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, 'yar Gbagyi mai aikin jinya. Nasiru mijin Rabi ba ya nan, yana Kaduna wajen aikinsa.

Na lissafa su ne domin biyu sun tafi, kuma labarin da ke yawo a bakinku ba haka ya faru ba. Kuna cewa injin maganin Rabi ne ya lalace, Inna ta cece ta. Wasunku har yau in an ambaci Nasiru sai su taɓe baki, wai shi ya jajibo mata abin da ya kusa halaka ta. Ni ban yi boko ba, ban yi allo mai nisa ba. Rabi ce riƙe da biro, na kuma ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini, kada ta rage.

Rabi tana 'yar shekara goma sha uku ciwon suga ya bayyana a jikinta. Ba irin na tsofaffi ba, irin wanda in babu allura babu rai. Ni na yi jinyar. A ƙauye ba wuta, ba firji, sai na samo tulu na zuba jiƙaƙƙen yashi, a ciki nake binne kwalaben insulin. Sau huɗu a yini take soka wa kanta allura, ina tsaye a kanta, domin ni ba na yarda da "na yi" sai na gani. Duk da haka takan faɗi. Ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya, ta taɓa faɗuwa tana sallah. Bayan aurenta ciki biyu suka zube. A na ukun ne likitanta na Kaduna ya kawo maganar inji, Nasiru kuma ya shiga ya fita har ya samo. Wahalar da ya sha kafin abin ya zo hannu, shi da Allah suka sani, bai taɓa faɗa mini ba.

Injin bai kai tafin hannuna ba. Daga jikinsa wani siririn tiyo ya fito, fari, mai laushi, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, ya tafi ya shige ƙarƙashin wata filasta a gefen cikinta. Ta nan maganin yake ɗiga mata kaɗan-kaɗan, dare da rana, in za ta ci abinci kuma sai ta danna ya ƙara. Da shi cikin ya zauna har wata tara, ta haihu da kanta. Ba a yi mata aiki ba.

Bayan suna na ce a kawo mini ita wankan gida. Nasiru ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce hanya, ya ce likita, ya ce sabis ɗin waya da babu a garin a lokacin. Na aika masa cewa haihuwar fari a gidan uwa ake wankanta, ni ma a gidan uwata na yi, kuma mata nawa na wanke a rayuwata ba wadda ta dawo da ƙorafi. Yaron kirki ne, bai iya musu da ni ba. Ya biyo rakiyar sojoji ya kawo ta, ya jere mini kayan injin a kan tabarma yana bayani, wannan na canji ne, wannan na ko-ta-kwana ne. Ina gyaɗa kai, amma a raina cewa nake yi, yaron da aka haifa jiya zai koya mini riƙon 'yata.

Wankan kansa bai ba mu matsala ba. Da can a daji nake karyo runhu, yanzu dajin ya fi ƙarfinmu, sai bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida na koma wa. In ruwa ya tafasa Rabi takan ɓalle tiyon daga bakin filastar, ta ajiye injin a ɗaki, in fyaɗa mata ganye har jikinta ya yi ja, ta koma ta maƙala abinta. Kunun kanwa ma mun daidaita, ba suga, ba zuma, ludayi uku, ta danna injin sannan ta sha. Inda muka saɓa shi ne wajen zani.

Ku da kuka tashi a hannuna kun san ni. Ba na son abu yana reto. 'Yata ba ta fita tsakar gida da zani a saɓule, haɓar zani a soke take, riga a cikin zani, ɗankwali a zaune. Rabi kuwa tun da ta zo, ƙasa da filastar take ɗaura zaninta, sako-sako, ta fito da tiyon ta saman zani ta bar shi da ɗan lanƙwasa mai faɗi kamar hannun kwando, injin kuma ta maƙale shi a waje inda kowa zai gani. Rigar ma a sake take barin ta. Ɗaurin cikin jego kuwa, wanda ake naɗa tsohon zani mai ƙwari a tamke don ciki ya koma mazauninsa, ita take yi da kanta a ɗaki, kuma ko kallo ɗaya na yi na san wasa ne. Hannu zai shige. Na yi magana sau ɗaya, na yi sau biyu.

"Inna, tiyon ba ya son matsi," in ji ta. "In ya karye maganin ba zai wuce ba."

"Roba ce, ba kara ba. Ta ina za ta karye?"

"Ba karyewa irin ta kara ba. Ya ninku."

"Ke dai ki ce ganda kike yi. Nan da arba'in za ki koma wa mijinki da tumbi kamar mai cikin wata biyar, a ce uwarki ba ta iya jego ba."

Gwaggo Lami tana gefe tana tsinkar zogale, ta ce, "Bar su, Yaya. 'Yan boko ko haihuwa da littafi suke yi."

Ranar da nake ba ku labari, an aiko cewa matan ƙauyenmu na da, waɗanda suka watsu a unguwannin gari, za su haɗu su zo barka. Mata ne da suka san ni tun ina amarya, da yawansu ni na wanke su, ni na ɗaure musu ciki. Na kwana da tunanin su shigo su tarar da 'yata da igiya tana leƙowa daga ƙugu, a yi ta tambaya, a fita da ita a baki. Don haka da aka gama wanka da hantsi, ta maƙala tiyonta, ban bar ta ta shiga ɗaki ita kaɗai ba. Na bi ta da zanin saƙina.

"Ɗaga hannu."

"Inna, bari in..."

"Na ce ɗaga hannu."

Ta ɗaga. Jaririyar ta hana ta barci kwana biyu, idonta duk ya faɗa, ba ta da ƙarfin ja da ni, kuma dama ban rene ta a kan ja da ni ba. Na naɗa zanin sau uku, na sa gwiwa na ja yadda aka yi mini, yadda na yi wa kowa. Tiyon da ya rage yana lilo sai na tattara shi na ninka biyu, kamar yadda ake ninka igiyar guga, na haɗa da haɓar zanin na soke a gefen ƙugu, na danna da babban yatsa.

"Inna, tiyon."

"Na gan shi. Ba makauniya ba ce ni."

Ta danna injin don kununta, ina jira. Tana gamawa na karɓe shi na cusa cikin naɗin ta baya, na kawo atamfa na ɗaura mata a sama, riga a ciki, na soke. Na ja baya na dube ta. Wallahi ta yi kyau, tsaf, kamar ba ita ta haihu ba. Ta sha kunu, ta ci gasasshen nama. Matan suka zo suka cika ɗaki, ana ta shewa, ana ɗaukar jaririya, wata ta shafa cikin Rabi ta ce, hannun Dije bai tsufa ba. Na ji daɗin maganar nan. Ku rubuta cewa na ji daɗinta.

Kafin azahar suka watse. Ummi ta yi barci, Rabi ma ta kishingiɗa a yadda take, barci ya ɗauke ta nan take. Ina zaune a bakin gado ina kora musu ƙuda sai na ji wani ɗan kuka siriri daga bayanta, kamar na ɗan tsako a cikin kwando. Na san injin ne. Nasiru ya gaya mini ranar da ya kawo ta, in ya yi kuka a duba shi. Na dubi fuskarta, barcin farko da ta samu cikin kwana biyu, na dubi jaririyar tana motsa baki. Na ce a raina, abin Bature ba ya rasa ƙorafi, ya jira ta tashi. Ya yi shiru. Can an jima ya sake. Sai na ɗauko bargo na ninka huɗu na tokara mata a baya, a kan wurin, don kada ya tashe su. Na fita na yi alwala.

Rabi ta ajiye biro. Ɗaurin ta sani, bargon ne ba ta taɓa ji ba sai yau. Na ce ta sha ruwa ta ɗauki biron, ba mu gama ba.

Ana kiran la'asar ta farka tana neman ruwa. Ta sha moɗa biyu, ta nemi ta uku. Ta fita bayan gida ta dawo, ta sake fita. Sai amai, kunun da naman duka. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado tana jan numfashi daga can ciki kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana wani wari irin na mangwaron da ya nuna ya wuce. Ta ce in miƙo mata abin gwaji. Ta soki yatsa, ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Nawa ya ce?"

"Ya wuce lamba, Inna."

Gwaggo Lami ta ce baki ne, matan nan sun yaba ta da yawa, a kawo garwashi a yi turare. Ni na yi jinyar yarinyar nan shekara goma sha, na san wannan numfashin, na taɓa ganinsa sau ɗaya tana ƙarama, kuma wancan karon sai da ta kwana uku ba ta san inda take ba. Na tuna hanyar Kaduna. Rakiya sai da safe, kuma ba direban da zai shiga dajin nan da yamma ko nawa za a ba shi. Waya ba sabis. Ban tsaya neman mayafi ba, ɗankwalina kawai na ja, na bi ta zaure na wuce Malam yana tambayata lafiya, na buga ƙofar Sista Rifkatu. Allah ya sa ta dawo daga aiki, hannunta duk garin dawa.

Ita ma ba ta taɓa ganin irin injin ba, ta faɗa da bakinta. Amma tana shiga ta ce, "Ina abin yake?" Rabi ta nuna bayanta. Sista ta kwance atamfar, ta kama zanin saƙin ta ja, ya ƙi. Ta sa farce, ya ƙi. Ni na durƙusa na zare haɓar da na soke. Tiyon ya faɗo a ninke, kuma bai miƙe ba. Daidai inda babban yatsana ya danna ya yi gwiwa, ya yi fari fat, ya manne kamar an cije shi. Sista ta ɗaga shi ga hasken taga. Ta dubi zanin, ta dubi hannuna.

Daga nan Rabi ce likita, Sista ce hannu. Da muryar da ba ta fita sosai take cewa, allurar ko-ta-kwana tana cikin tulu, a juya kanta zuwa lamba kaza, a soka a cinya. Sabon tiyo yana cikin jaka, a ɓare, a cika shi sai an ga ɗigo a baki. Sista ta koma gida ta ɗauko ledar ƙarin ruwa, ta rataya a ƙusar da nake rataya carbi. Ta ce a dinga gwadawa, in bai fara sauka ba kafin magariba sai asibitin gari, da safe kuma Kaduna. Ni aikina riƙon Ummi, wadda ta farka tana ta tsala ihu, ga nono a kusa ba halin sha. Ina jijjiga ta ina kallon ruwan yana ɗiga. Ban taɓa jin yamma mai tsawon wannan ba. Rana ta kusa faɗuwa abin gwajin ya yarda ya nuna lamba. Aka sake, ta ragu. Aman ya tsaya. Sista ta zauna a kan turmi ta ce, "Mun gode Allah," da Hausa, sannan ta sake faɗa da yarensu.

Malam bai saba shiga ɗakin mai jego ba, amma ya zo bakin ƙofa ya tsaya.

"Sista, me ya faru da yarinyar nan?"

"Tiyon ne ya toshe, Baba. Maganin bai wuce ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Ta dai tsaya inda ta ga ya kamata maƙwabciya ta tsaya, ta bar mini sauran. Ni kuwa sai na shiga gyara wa Ummi zani.

"Na faɗa tun farko," in ji Gwaggo Lami. "A ɗaura wa mutum rai a jikin roba? Yau toshewa, gobe wa ya sani?"

Malam ya ce, "Shekara nawa tana allurarta a gabanmu, ba mu ga haka ba. Gobe a cire abin nan. In Nasiru ya zo a ba shi kayansa, in kuma yana da magana ya same ni."

Rabi ta ɗago kai daga matashi. "Baba, shi ya riƙe mini cikin Ummi."

"Allah ne ya riƙe. Na gama magana."

Kun san babanku, ba shi da faɗa, amma in ya ce ya gama to ya gama. Rabi ta juyo ta dube ni. Ba ta ce Inna ce ba. Har yau ban san ko tsoro ne ya hana ta ko kunya ko tausayi, kuma ba zan tambaye ta ba. Ta mai da kai ta juya ga bango, kafaɗarta tana motsi. Na san abin da cire injin yake nufi, domin ni na sha ɗaga ta daga ƙasa. Mace mai shayarwa, suga yana hawa yana sauka, ta faɗi wata rana da jaririya a hannu, a garin da likitanta yake bayan daji. Duk wannan don kada a ce Dije, wadda ta wanke matan ƙauye guda, ta kasa ɗaure cikin 'yarta.

Shekara arba'in da wani abu ina gidan Malam, ban taɓa zuwa gabansa na ce na yi kuskure ba. Ba don ba na yi ba, sai don nakan gyara kafin a gani. Wannan kuwa ba ya gyaruwa a ɓoye.

Da safe, ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure, na kai masa koko da kaina. Na ajiye, ban tashi ba. Ya dube ni, don ba al'adata ba ce zama a zaure.

"Malam, injin nan lafiyarsa ƙalau. Ni na ninke tiyon na soke a zani. Ta hana ni, na ƙi ji. Ya yi kuka sau biyu, na danne shi da bargo."

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin kokon.

"Ke, Dije?"

"Ni."

"Wa ya sani?"

"Sista ta gani. Yarinyar ta san rabi."

Ya ce to a bar mata abinta, ya kuma ce maganar ta tsaya a zauren nan. Ya rufa mini asiri har ya koma ga Allah, ko ƙanwarsa bai gaya wa ba, ita kuwa ta ci gaba da ba da labarin yadda ta fahimce shi, daga bakinta kuka ɗauka. Rufin asirin nan Nasiru ne ya biya shi, shekara da shekaru ana yi masa kallon mai ganganci a gidan da bai yi wa komai ba sai alheri. Na bari aka yi. Wannan ma ku rubuta a kaina, kuma duk wanda ya karanta ya je ya gaishe shi yadda ya kamata.

Daga zauren na wuce na hura wuta, na ɗora ruwa, ban bari ya yi zafin kullum ba don jikinta ba ƙarfi. Na wanke ta a zaune. Muka koma ɗaki, ta maƙala tiyonta, ta ga na ɗauko zanin saƙin, sai ta ɗaga hannuwa sama ba tare da na ce ba, ta rufe ido.

"Sauke hannunki," na ce. "Babanki ya ce a bar miki injinki. Ungo."

Ta karɓi zanin tana dubana.

"Ɗaura in gani. A hankali, ina ne yake bi, ina ne ba a taɓawa. Ba na son sai na sake tambaya."

Ta fara naɗawa daga ƙasa, tana kauce wa filastar, amma injin yana ta zamewa daga cinyarta yana jan tiyon. Ta rasa hannun da za ta riƙe shi.

"Inna, ɗan riƙe mini."

Na buɗe tafin hannu ta ɗora mini. Yana da ɗumi, ɗumin jikinta. Na matso kusa don kada tiyon ya miƙe, na tsaya a nan ina riƙe da shi har ta gama.